Jinin Wana da Kujerar Malamin Sulhu

Shekarar da aka kashe wana, ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ciki ba. Daminar baya ma haka ta yi mana, don haka rumbunan Kurawa sun daɗe babu komai a ciki sai ƙaiƙayi. Mata suna jiƙa anza, 'ya'yan wani icen daji, kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, a dafa a ba yara. Mai akuya ya kai ta kasuwa ya dawo da hatsin da bai cika ƙwarya ba. Maza da yawa sun tafi cin rani tun kafin lokacinsa, wasunsu ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Ina da aure a lokacin, ina goyon 'yata ta fari, gidan mijina da na mahaifina unguwa ɗaya. Mu biyu ne kawai muka rayu cikin 'ya'yan innarmu, ni da wana. Dogo ne mai wushirya, mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya. Da gona ta ƙi, sai ya gangara gulbi, wanda ya bushe ya koma yashi, ya tona rami har ya tadda ruwa. Ya kewaye wurin da ƙaya, ya dasa albasa da yakuwa. Kullum ruwan yana gudu ƙasa, kullum yana bin sa yana tonawa da magirbi. Abin da ya fito daga wannan ɗan lambu shi ake kaiwa kasuwar Bafarawa a musanyo dawa, da shi gidaje biyu suke ɗora tukunya.

Wata safiya wani falke daga wani ƙauye na wajen Isa ya biyo ta gulbin da jakunansa, ya yi musu lodin hatsi za shi ƙetara da shi Nijar. Jakunan sun sha tafiya. Ya janye ƙayar ya kora su cikin lambun, suka sha ruwan, suka tattake albasar, bakin ramin ya zube. Wana ya iso da guga a hannu ya tarar da haka. Matan da ke ɗiban ruwa a ramin da ke kusa sun ji duk abin da aka faɗa. Wana ya ce masa da ya yi sallama da an ɗebo wa dabbobin a ƙwarya. Falken ya ce ruwa na Allah ne. Wana ya sunkuya ya kama igiyar jakin da ya fi kusa zai fitar da shi, falken ya ɗaga gora ya sauke masa a ƙeya.

A kan ƙyauren wani gida aka kawo shi. Bai yi magana ba. Innata ta riƙe kansa a cinyarta har ya cika cikin dare.

Washegari da aka dawo daga maƙabarta samarin garinmu ba su koma gidajensu ba. Suka taru a bakin gari da adduna da kwari da baka, za su je su ƙone ƙauyen falken. Ni da hannuna na shiga ɗaki na ɗauko wa mijina addarsa na miƙa masa. Na tsaya a ƙofar gida da goyo a bayana ina kallonsu, ina ji a raina da ni namiji ce da ni ce a gaba.

Abin da ya tare su shi ne malamin makarantar firamaren garinmu. Mutumin Sabon Birni ne, siriri, yana da wani tsohon keke. Kowa ya san labarinsa. Yana yaro aka kashe mahaifinsa a gabansa cikin rikicin 'yan jam'iyya, baffanninsa suka raine shi suna zuga shi ya rama, ya girma ya ƙi. Tun da aka kawo shi Kurawa yake bin ƙauyuka bayan an tashi makaranta, yana haɗa dattawan manoma da na makiyaya su zauna su kashe rigima kafin ta kai ga jini. Mutane suna ce masa Malamin Sulhu, wasu da girmamawa, wasu da ba'a.

Ya kwantar da kekensa a gicciye kan turbar, ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa, ya zauna cikin rana.

"Duk wanda za shi wuce, shi fara da ni," in ji shi. "In kunka ƙone garinsu yau, jibi su zo su ƙone naku. Ku da ba ku da hatsin rufe bakin yara, da mi za ku yi yaƙi?"

Sun zage shi, wani ya ture shi da ƙafa, ya tashi ya sake zama. Har rana ta yi tsaka yana magana. Ɗaya bayan ɗaya samarin suka juya. Mijina ya dawo ya rataye addar bai kalle ni ba.

Daga nan Malam ya koma kan mahaifina. Kullum yana zaure, yana karanto masa falalar wanda ya yafe. Hukuma ta kama falken tana tsare da shi, amma Malam ya ce in aka bar maganar ta yi tsawo wutar za ta sake tashi. A ƙarshe aka yi taro a ƙofar gidan mai gari, dangin falken suka zo da rawunansu suka durƙusa. Baba ya miƙe ya ce ya yafe jinin ɗansa, diyya ma ba ya so. Aka yi kabbara. Ba da daɗewa ba aka saki mutumin. Innata tana cikin gida ranar. Babu wanda ya leƙo ya tambaye ta, babu wanda ya tambaye ni.

Za ni faɗi gaskiya a nan don kada a ce na rage masa. Abin da Malam ya yi a kan turbar nan daidai ne. Da samarin sun tafi, da an rufe mutane da yawa, wataƙila har da mijina. Ban riƙe shi a zuciya don wannan ranar ba. Abin da ya biyo baya shi ne na riƙe.

Labarin sulhun Kurawa ya bazu, aka fara kiran Malam wurare. Duk inda za shi sai ya ɗauki Baba. Ya ɗinka masa babbar riga fara, a goya shi a babur zuwa Gatawa, zuwa Isa, zuwa Sabon Birni, har ƙetaren iyaka. A tsakiyar taro sai Malam ya ce, "Tashi, Baba, su gan ka. Ga dattijon da anka kashe ma ɗa guda da yake da shi, ya yafe." Baba ya tashi a kalle shi kamar ragon da aka kawo kasuwa, ya koma ya zauna.

Kuma labarin yana sauyawa a bakinsa. Da fari yana cewa an kashe yaro a kan ruwa. Daga baya ya koma cewa samari biyu ne masu zafin kai suka yi faɗa. Can kuma sai aka fara jin cewa wana ne ya fara ɗaga fartanya, falken ya kare kansa. Wana da guga ce a hannunsa. Baba yana zaune ake faɗin haka, ga manyan mutane, ga lasifika, ba shi da bakin da zai ce ba haka aka yi ba. Ya dawo gida ya cire rigar ya juya fuskarsa bango. A gari kuwa yara sun samu abin faɗa, wai tsohon da ya sayar da jinin ɗansa da babbar riga. Ya daina fita majalisar ƙofar masallaci. Bai yi shekaru da yawa ba ya rasu. Malam bai zo jana'iza ba, an ce yana birni ana karrama shi. Ya aiko mutane da buhun shinkafa. Innata ta ce a fitar mata da shi daga gida, aka kai wa maƙwabta. Ita ma ba ta daɗe ba ta bi Baba.

Da aka buɗe siyasa, Malam ya ajiye alli ya tsaya kansila, ya ci. Daga nan ya zama shugaban ƙaramar hukuma, daga nan majalisa. A kowane mataki abin da yake ɗauka ya hau da shi ke nan, shi ne mutumin da ya zauna a gaban adduna a Kurawa. Ya yi aiki, ban hana masa ba. Ya gina rijiyoyi, ya sa aka fitar da burtali don shanu su daina bi ta gonaki, ya kafa zaman sulhu a garuruwa da yawa. Amma duk lokacin da na ji muryarsa a rediyo yana cewa "wani yaro a Kurawa", sai in kashe rediyon.

Wata rana ina dawowa daga rijiya da tulu a ka, na ji jiniya da kiɗa. Ayarin Malam ne zai wuce. Na raɓe gefen hanya. A gaban motocin akwai mai babur da hular jam'iyya, yana ɗaga hannu yana korar mutane daga hanya. Ya yi ƙiba, gemunsa ya fara fari, amma na gane shi, domin na gan shi ranar da hukuma ta kama shi. Falken ne. Malam ya ɗauke shi aiki, yana nuna shi a taro a matsayin wanda ya tuba. Falken ya kalle ni ya ce, "Matsa baya, baiwar Allah," ya wuce. Bai san ko ni wace ce ba.

Na sauke tulun. A nan gefen hanya na yi wa kaina alkawari, in Allah ya ba ni rai, sai na ga ranar da Malam zai sauka daga kujerar da ya hau da jinin gidanmu.

Ba ni da dangi masu ƙarfi, ba ni da baki a wurin maza. Amma uwar mijina ungozoma ce, ta koya mini aikin kafin ta rasu, kuma ungozoma babu gidan da ake hana ta shiga. Daga Kurawa har ƙauyukan wajen Gatawa ana aiko mini da babur. Bayan an yanke cibiya, ana dafa ruwan wankan jego, mata suna zaune babu namiji kusa, hira takan yi tsawo. A nan nake ba da labarin wana yadda ya faru. Ba na zagin kowa, ba na roƙon komai. In faɗi yadda ya tona ramin, in faɗi abin da ke hannunsa, in faɗi yadda Baba ya ƙare. Shekara da shekaru ina wannan. Yaran da na karɓi haihuwarsu suka girma, na karɓi haihuwar 'ya'yansu, uwayen sun ji, 'ya'yan sun ji.

Sai aka sake yin wata shekarar fari, ta faɗo daidai da zaɓe. Shuka ta ƙone a gona, aka sake shukawa ta sake ƙonewa. Malam yana neman komawa majalisa, ya turo motocin masara ana rabawa unguwa-unguwa. A nan na canza magana. Na nemo biyu daga cikin matan da suke gulbi ranar da abin ya faru, sun tsufa, ɗaya da sanda take tafiya. Muka dinga shiga gidaje tare, su faɗi abin da idonsu ya gani, ni kuma in ce, "Ku karɓi masara, haƙƙinku ce, ku ba yaranku. Ranar ƙuri'a ku tuna da ni."

Mijina ya ce mini, "Ke da ɗan majalisa? Ƙwai ba ya karo da dutse."

Na ce, "Ni ba karo za ni yi da shi ba. Ƙarƙashinshi nike tona."

Magana ta kai kunnen Malam. Wata rana da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya bar motocinsa a bakin gari ya tako da ƙafa, shi da mutum ɗaya. Mijina ya shimfiɗa masa tabarma a zaure ya kira ni. Na zauna daga bakin ƙofar ciki. Ya tsufa shi ma, ya sa tabarau, amma muryar tana nan, mai sanyi, irin wadda take kwantar da mutum ko bai so ba.

Bayan gaisuwa ya ce, "Ƙanwata, an ce mini kina zagaya gidaje da maganata."

"Ni ƙanwar mutum guda ce, Malam, yana kabari. Kuma ba maganarka ba ce. Maganar gidanmu ce ka ɗauka ka yi yawo da ita, ni kuwa ina maido ta gida."

Ya gyara zama. "Da na bar yaran nan sun tafi ranar nan, mutum nawa kike jin za a rufe? Ga maigidanki nan zaune, yana cikinsu."

"Na sani. Ranar nan ka yi daidai, ban taɓa cewa ba ka yi ba. Wa ya gaya maka wana ne ya fara ɗaga fartanya?"

Ya murza carbinsa. Can ya ce, "Mutane ba su ajiye makami in anka ce musu ɓangare guda ke da laifi duka. Sai an raba laifin, kowa shi ɗauki kaɗan, sannan su iya zama tabarma guda. Na ga haka wuri da yawa."

"Shi ne ka ɗora wa mamaci nashi kason, tunda ba shi da bakin musu. Ka tsayar da ubanshi gaban jama'a yana ji."

"Ban yi don in cuce ku ba."

"Wanda ya kashe shi ka ba shi babur da hula. Mu kuwa buhun shinkafa."

Mutumin da ya rako shi ya buɗe baki zai yi magana, Malam ya ɗaga masa hannu. Ya dube ni ya ce, "To mi kike so in yi? Faɗi, in yana cikin ikona za ni yi."

Ban shirya amsa ba, ta zo da kanta. Na ce, "Faɗi sunanshi."

Ya faɗi sunan Baba.

"Wannan ubanshi ne. Shi wanda anka kashe nike tambaya."

Ya cire tabaraunsa ya goge da bakin riga. Ya kalli rufin zauren. Sannan ya faɗi wani suna, a hankali, kamar mai taka gada da bai amince da ita ba. Ba sunan wana ba ne, ko kusa. Mijina, wanda bai taɓa goya mini baya a wannan magana ba, ya miƙe ya saka takalmansa ya fita daga zauren ya bar baƙonsa zaune.

Na faɗa wa Malam sunan. Ya maimaita. Ya ce ranar kasuwa mai zuwa zai tsaya gaban jama'a ya gyara labarin, ya wanke wana.

Na ce, "In ka yi kafin zaɓe, neman ƙuri'a ne. Ka bari sai ka faɗi, sannan ka zo ka gyara."

Na tashi na shige gida. Na ji yana yi wa zauren sallama babu mai amsawa.

Ranar zaɓe layin mata a Kurawa ya fi na maza tsawo. Rana tana dukan mu, wasu da goyo, wasu ba su karya ba, babu wadda ta fita daga layi. Tsofaffin nan biyu a amalanke aka kawo su. Malam ya faɗi a Kurawa, ya faɗi a ƙauyukan wajen Gatawa, da aka haɗa duka kujerar ta kuɓuce masa da ɗan kaɗan. Masu fashin baƙi sun ce yunwa ce ta sa mutane fushi, wasu sun ce rikicin cikin jam'iyyarsa ne. Wataƙila duk akwai. Ni dai na san ƙofofin da na shiga. Da labari ya tabbata na fito tsakar gida na rangaɗa guɗa, abin da ban yi ba ko a bikin 'yata. Muna da kaza ɗaya da ta rage a wannan shekara ta yunwa, na sa aka yanka ta, na yi miya na aika wa tsofaffin nan biyu.

Malam ya cika maganarsa, wannan ma za ni faɗa. Bayan an rantsar da wanda ya kayar da shi, ya zo kasuwar Kurawa babu jiniya babu lasifika, ya tsaya kusa da 'yan hatsi ya ce shekara da shekaru yana faɗin abin da ba haka yake ba. Ya ambaci sunan wana daidai, ya ce guga ce a hannunsa. Mutane kaɗan ne suka tsaya, kowa yana ta kansa. Ban je ba, mijina ne ya zo ya gaya mini. Na ji daɗi, amma wanda ya fi kowa bukatar jin wannan magana ya daɗe a ƙasa.

Malam bai sake riƙe kujera ba. Ya koma bin ƙauyuka a bayan babur yana sasanta mutane, kamar farkonsa. A 'yan shekarun nan da masu bindiga suka addabi yankinmu, yana cikin dattawan da suke shiga daji neman a sako waɗanda aka kama. Mutane suna yabonsa, ba na musa musu. Wasu sukan ce mini da yana majalisa har yanzu da wataƙila an ji kukanmu da wuri. Nakan ce Allah ne masani, in ci gaba da abin da nake yi.

Falken kuwa, da kujera ta tafi, babur ya tafi. Na ji labarin idanunsa sun mutu, yana kwance a ƙauyensu. Bara da rani wani magidanci ya yi sallama a gidana, ya ce shi ɗansa ne. Na sa aka ba shi ruwa, aka dama masa fura, don ya sha hanya kuma shi bai yi mini komai ba. Da ya sha ya durƙusa ya ce, "Inna, tsohona ne ya aiko ni. Ciwo ya ci ƙarfinshi. Ya ce a nemo mishi ke, ki yafe mishi kafin shi tafi."

Na tambaye shi ko tsohon ya gaya masa abin da ya yi. Ya ce ya gaya masa duka, bai rage ba.

Na ce, "To ka koma ka ce mishi saƙonshi ya iso. Ka ce mishi ban yafe ba. Akwai inda za mu tsaya ni da shi da wana, can za a yi maganar."

Ya daɗe a durƙushe yana jiran ko za ni ƙara wani abu. Da ya ga ban ƙara ba ya yi godiyar fura, ya tashi. Na sa jikana ya raka shi tasha ya nuna masa masu babur ɗin da suke bin hanyar Isa kafin yamma ta yi, don hanyar ba ta da kyau yanzu.